Romon da Na Wanke Hannu a Ciki

Shekara sha biyu ina zaune a garin Greenbelt, can ƙasar Turawa, don haka da muka je hutu wani tsibiri da matata Hadiza da abokina Dakta Sani, na naɗa kaina malamin cin abincin Turawa. A gidan abincin bakin teku har dariya na yi wa Sani, na ce ya riƙe cokali mai yatsu kamar zai haƙa rogo.

Ma'aikaci ya ajiye wa kowa ɗan kwano: ruwa garau, yankan lemon tsami na yawo a sama. Na ce ashe suna da tarbiyya. Na naɗe hannun riga, na tsoma yatsu biyar, na cuɗa, na yarfe.

Na ce, "Ku wanke mana, ƙauyawa."

Ma'aikacin ya sunkuyo ya raɗa mini cewa romon kifi ne mai sanyi, tun asuba ake tace shi. Sani ya ɗauki cokali ya kurɓi nasa, yana kallona.

Har yau a walimar Greenbelt, da an kawo farfesu sai Hadiza ta ce, "Ku matsar da shi daga gaban Maigida, bai yi alwala ba."