Rasuwar Littafin Toye-toyen Hajja Atiyat

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki har wuya, Hajja Atiyat, matar marigayi Ustaz Fahmi, mazauniyar hawa na uku a unguwar Shubra ta Alƙahira, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa cin kahak ɗinta, biskit ɗin nan na sallah, rasuwar abokin zamanta na shekara sittin da ɗaya, ɗan littafin nan mai suna "Uwargidan Zamani: Toye-toye Arba'in". Ya rasu ranar Litinin, sha tara ga watan azumi, bayan la'asar, a cikin tukunyar miyar adas, ɗan ƙaramin waken nan na Masarawa.

An haifi marigayin a maɗaba'a domin a sayar da man gwangwani mai tambarin Gimbiya, kuma bai taɓa ɓoye wannan asali nasa ba. Kyauta ake bayar da shi ga wanda ya sayi babban gwangwani. Ustaz Fahmi ne ya shigo da shi gida wata biyu bayan ɗaurin aure, ya ajiye shi gaban amaryarsa da aka kawo daga wani ƙauye kusa da Minya, ya gaya mata cewa a birni da littafi ake girki, ba da ƙiyasin mutanen gona ba.

Marigayin mai kyawawan halaye ne. A bangonsa akwai wata mata mai sarƙar lu'ulu'u da takalmi mai tsini, ƙugunta kamar wuyan kwalba, tana yi wa murhu murmushi, kuma shekara sittin da ɗaya ba a taɓa ganin gumi a goshinta ba. A bayansa akwai likita cikin farar riga, ya ɗaga yatsa, yana ba da tabbacin man Gimbiya na kaifafa ƙwaƙwalwar yara, yana sa zuciya ta yi sauƙi. Wagdi, babban ɗan Hajja, ya gaskata likitan tun yana ƙarami, ya riƙa shafa man a burodi. Yau ƙwaya huɗu yake haɗiya kullum, amma har yanzu cewa yake abincin wancan zamani ya fi na yanzu albarka. Marigayin ya koyar da yadda ake binne kifi cikin koren jeli, da kek mai siffar jirgin sama. A shafi na ashirin da biyu ya yi wa mata nasiha cewa idan maigida ya dawo a murtuke, su binciki kek ɗinsu. An buga wannan magana, an raba ta gida-gida, iyayenmu mata sun haɗiye ta. Mu kuma jikoki in muka gani sai mu kyalkyale da dariya mu ce Allah sarki zamanin da, mu mayar da shi cikin aljihun tebur da ladabi.

Goman ƙarshe ta azumi ita ce lokacin aikinsa. A fito da shi, a jingina shi da kwalbar sukari, a buɗe shi daidai hoton kahak. Idan aka buɗe shi yakan ce ƙaras, kamar busasshen burodi. Hajja Atiyat ta dubi hoton, ta yi bisimilla, ta tura hannu cikin fulawa. Matan gidan benen su kewaye tebur suna ɗura dabino suna zana tsaga. Idan tire-tire suka dawo daga gidan burodi inda ake kai su gashi, kowa ya ɗanɗana ya ce ai littafin nan babu irinsa, yanzu ba a buga irinsa.

Ya daɗe yana jinya. Ƙusoshinsa sun yi tsatsa, maiƙo ya ratsa shi har ana hango shafi ta cikin shafi. Tun shekarar da aka yi girgizar ƙasa a Alƙahira zuma ta zube masa, shafin da ke ɗauke da bayanin haɗin kahak ya manne da na kusa da shi. Fiye da shekara talatin ke nan babu mahaluƙin da ya ga bayanin nan da idonsa, kuma a gidan da ya fitar da injiniya da malamai biyu babu wanda ya tsaya ya tambayi daga ina haɗin ke fitowa. Ana ci, ana yabo, ana kwasa a kai wa surukai.

Ranar ajali, Rawiya, ƙanwar Wagdi, ta ce za ta ɗauki hoton bayanin da waya ta aika wa matar ɗanta a Kuwait. Ta ji an ce tururi na ɓamɓare takarda, sai ta riƙe shi saman miyar buɗe-baki. Tururin ya ƙone mata yatsu. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce ɓulum.

Da ludayi aka tsamo shi, aka shanya shi a baranda da maƙalan wanki. Yawancin rubutun ya bi miya, amma shafin da ya manne ya buɗe. Yusra, 'yar Rawiya, ta karanta shi a gaban kowa: kofi biyu na man Gimbiya mai sanyi, ƙwai uku, hodar kumbura kek, ɗigon rawayan launi. Aka juyo ana kallon Hajja, domin kowa ya san ƙwai bai taɓa kusantar kahak ɗin Hajja ba, balle man gwangwani.

An san Hajja ba ta iya karatu ba, amma an ɗauka mijinta ya karanta mata ta haddace. Ta ce ya taɓa farawa sau ɗaya, da ya kai kan ƙwai ta ce masa to. Washegari ta jingina littafin, ta tafasa man nonon ɓaunar kiwo, ta kwarara shi kan fulawa da riɗi har ya yi cuu, yadda uwarta ke yi a ƙauye. Ustaz Fahmi ya ci guda tara, ya ce mata ta ga amfanin ilimi ke nan. Ita kuwa ta ƙyale shi.

Daga nan ta sanar cewa bana babu kahak. Sallah saura kwana goma, man ɓauna ya iso daga ƙauye, an kama layi a gidan burodi, amma ta naɗe hannu. Yusra ta yi ta faɗa, tana cewa Kaka, hannunki ne tun farko, wani kamfani da ya rufe tun kafin a haife ni ya kwashe ladar shekara sittin, yanzu kuma za ki yi masa takaba?

Hajja ta ce, "Ke 'yar boko, ba ki gane ba. Shekarar da ya yi daɗi su ce littafi. Shekarar da ya ƙone ni ma in ce littafi. Yanzu wa zan ce?"

Kwana biyu ana lallashi, ba ta motsa ba. Ranar Laraba Wagdi ya ce a daina wahalar da tsohuwa, shi zai sayo na kwali a kanti, ai duk ɗaya ne. Hajja ta dube shi tun daga tumbi har takalmi, ta ce lallai likitan bango ya kaifafa masa ƙwaƙwalwa. Sannan ta ce a sauko mata da babban baho.

Marigayin ya bar gwangwani ɗaya da ake tara maɓallai a ciki, da cokalin awo mai tambari wanda ba a taɓa auna komai da shi ba, da Wagdi.

Za a binne shi gobe Alhamis bayan azahar a cikin tukunyar na'ana'a da ke baranda. Ba za a yi masa wanka ba, miya ta riga ta yi. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin girki daga nan har la'asar, maza ma ba a ɗauke musu ba, kowa ya zo da hannun riga a naɗe. Yusra ta tanadi sikeli da littafin rubutu don a adana haɗin, Hajja ta sa an mayar da su jaka, ta ce mai son koya ya wanke hannu ya tsaya kusa da baho. Ta kuma ce a shaida wa masu zuwa tun yanzu: idan na bana ya ƙone, Atiyat ce ta ƙona shi.