Masu Mayar da Direba Gida

"Mu dai lafiya muka tashi. Kai ne abin tambaya, na ga har yanzu kana motsi."

"In mutu in bar miki filin duniya, Guntuwa? Sai na ga kin yi tsawo tukuna."

Haka 'yata take gaida mahaifina tun bakinta bai iya magana sosai ba, ga shi har ta zama ma'aikaciya ba su daina ba. Ranar ce muke kwashe kayan Baba daga gidan hayar da ya tsufa a ciki. Mai gidan ya sayar, wanda ya saya zai farfasa ɗakunan ya yi shaguna, Baba kuma zai koma wurina, can ƙetaren gada. Ina durƙushe ina naɗe kofuna da tsoffin jaridu, shi yana zaune a kan kujera ɗaya tilo da ta rage a falo, hularsa a gwiwa. An sauke labule, an cire agogon bango, sai zagayen da ya bari a jikin fenti. Raina a jagule yake tun safe, don haka ban sa musu baki ba.

Baba bas ya tuƙa har ya yi ritaya, duk layin Direba suke ce masa. Ni ce 'yarsa ta fari, kunya ba ta barin mu yi doguwar magana. Abin da ba zan iya tambayarsa ba, Guntuwa ce ke zaro shi da wasa.

Ta ajiye jakarta a kan kwali ta fara cika baki. Ta ce ta je ofishin fansho ta canja masa adireshi, ta je asibitin da yake karɓar maganin hawan jini, ta je banki, ta sa kamfanin wuta da na ruwa sun cire sunansa daga gidan. Ƙafarta ma har ta kumbura don bin layi.

"Duk duniya ta san ka tashi, tsoho. Ko mala'ikan mutuwa ya zo, ba zai sha wahalar nemanka ba."

"Shi ba ya neman kwatance. Kin faɗa wa mai faci?"

"Mai faci kuma? Taya gare ka? Ƙafafun nan naka ai sun wuce faci, sai dai a kai wa 'yan gwangwan."

"Mai wanki fa?"

"Riga biyu gare ka, su ma sun fi ni shekaru."

"Mai kemis na kan kwana? Masu babur na bakin titi?"

"Sarauta aka ba ka da za a yi shela? Tashi za ka yi daga gidan haya, ba kowa zai yi kewarka ba. Ɓerayen kicin ma sun ce in yi maka sai wata rana."

"Ana ga yaƙi kina ga ƙura. Dama an ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle ke da sai an ɗaga ki kike ganin cikin tukunya."

Ta yi dariya, amma ni hannuna ya tsaya. Ruwa ba ya tsami banza. Baba ba mai yawan shiga mutane ba ne, ban san ranar da ya ƙulla zumunci da masu babur ba.

Guntuwa ta zauna a hannun kujerarsa ta ce to ya faɗa mata abin da ya haɗa shi da su, ko kuwa asirinsa suka riƙe. Ya gyara zama, ya yi muryar nan tasa ta fankama.

"Ni fa babban mutum ne, rakiya ake yi min. Ran nan na fita sayen batirin rediyo, sai na tsinci kaina a gaban tashar bas, ban san ta ina aka biyo ba. Mai faci ne ya bar tayar mutane a ƙasa ya riƙo hannuna har ƙofar nan. Mai wanki ma ya taɓa kawo ni. Masu babur kuwa sun daina tambayata, ɗora ni kawai suke yi."

"Direban da ya san kowane lungu?"

"Shi fa. Lungunan suna nan inda na bar su. Ni ne ba na nan."

Tsoro ya kama ni. Duk ranar da na zo na tarar ba ya gida, ɗauka nake hira ya tsaya. Ashe layin nan gaba ɗaya sun sani, ya roƙe su kada su faɗa min, su kuma suka rufa masa asiri. Da wasa ake gaya wa wawa gaskiya, ranar ni ce wawar. Na juya fuskata wajen bango don kada ya ga idona.

Baba ya dubi Guntuwa. "To faɗa min, uwar iyayi, ofishin fansho ne zai tsince ni a titi? Gobe in na sulale na dawo unguwar nan, masu kirkin nan ƙofar da suka sani za su kawo ni. Su ƙwanƙwasa, birkila ya leƙo da guduma a hannu. Daga nan sai ina?"

Guntuwa ta sauka daga hannun kujerar. Na san kuka ne ya zo mata, na kuma san ba za ta yi shi a gabansa ba, don in ta yi ta tsiraita shi. Sai ta ɗauki hularsa ta kifa masa a kai a karkace, ta ce ya tashi su bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, ta ba su lambar wayarta da tawa, ta kwatanta musu inda za su riƙa sauke tsohon kaya daga yau.

Ya dafa kafaɗarta ya miƙe. Har sun kai bakin ƙofa ya tsaya.

"Saura mutum ɗaya. Shi ne mai taurin kan. Ki faɗa masa yau, gobe ya ce ba a taɓa faɗa masa ba."

"Wa ke nan?"

"Direba."

"Wannan ai ni ce maganinsa. Safe da yamma zan riƙa faɗa masa, har sai ya toshe kunne. Ka san baki ne kaɗai Allah bai gajarta min ba."

Baba ya yi dariya har da tari. Ya sa hannu can cikin aljihun ciki ya zaro wani makulli da igiyarsa ta yi baƙi don daɗewa. Ya ce da mai gida ya zo karɓar makullai, ce masa ya yi wannan ya ɓace.

"Kin ci, Guntuwa, karɓi." Ya danƙa mata, ya rufe yatsunta a kai da hannunsa biyu. "Zan zo in roƙe ki. Zan zage ki, zan ce ke ɓarauniya ce. Kada ki ba ni."