Tsohon da Ya Kasa Zura Allura

An baza a dangi wai 'Yar Kawu ta shiga kallon wani fim mai tsawon tsiya, kafin a kai ƙarshensa mai tsaron ƙofa ya yi furfura, jaririn da aka shiga da shi a goye ya fito da ƙafarsa. Ƙarya ce tsagwaronta, taubashinta Dogo bakanike ne ya ƙago ta. Gaskiyar ita ce, tun rasuwar mahaifinta tela ba ta taka gidan kowa, sai wani ɗan ɗakin kallo mai kujerun roba, tana ta maimaita fim ɗaya. Hankalin Gwaggo ya tashi, ta tura ɗanta Dogo ya dawo mata da yarinya cikin mutane.

A bakin ƙofa ya tare ta.

"Lafiya lau," in ji ta. "Wa ya kwance ka, bawan gidanmu?"

"Ceto na zo, uwar ɗakina. Babban gidan kallo sun sako kashi na tara na fim ɗinmu na mazaje. Mota ta tashi sama ta bangaje jirgi! Ke kina nan kina kallon fenti yana bushewa."

"Jarumin naku ba ya mutu a na biyar ba?"

"Ya dawo a na bakwai. Ashe suma ya yi."

"Ka ji. A naku ba a mutuwa, Dogo. Ni kuwa na ga ana mutuwa."

Ya bi ta ciki sumui-sumui.

A fim ɗin, wani tsoho ne a gindin taga da keken ɗinki. Ya lashi bakin zare, ya auna allura, ya kuskure. Ba kiɗa, ba magana.

"Yanzu 'yan bindiga za su faso tagar?" Dogo ya raɗa.

"Ba mai zuwa."

"Ko ɗan gurneti?"

"Rufe baki, ka dubi girarsa."

Ya duba. Haka Kawu yake ɗage gira, sak, kafin ya ƙwala wa 'yarsa kira ta zo ta zura masa. Tsohon ya buɗe baki zai yi kira, ya tuna gidan ba kowa, ya sake lasar zaren.

Da aka kunna fitilu ba wanda ya motsa cikinsu.

"A gida kowa cewa yake in yi haƙuri," ta ce. "Nan kaɗai ake barina in zauna da babana."

"Gwaggo na jiranki."

"Zan je. Dama so nake wani ya gani tare da ni."

Dogo ya miƙe yana gyaran murya. "Ni dai barci na sha. Fim ba ko mari! Gobe sai nawa fim ɗin, ki ga mazaje."

"Fara share hancinka tukuna, jarumi. Tun ɗazu kake jan majina, har mutanen baya sun zaci keken ɗinkin ne ya tashi."