Uwar Tudu Ta Rasu a Hannun Mai Ita

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu take tafasa ba a sami mai buɗe mata murfi ba, Malam Mai Duwatsu da iyalinsa suna sanar da dangi da maƙwabta da duk wanda ya taɓa sa kafaɗa ya tura ta, rasuwar motarsu, Uwar Tudu. Ta cika da hantsi a kan hawan bayan makaranta, bayan doguwar jinya ta ciwon zafi. Ta rasu a hannun mai ita. Ana roƙon jama'a su riƙe wannan, domin akwai wanda ya so a ce a hannunsa aka yi.

Marigayiyar tsohuwa ce mai jan ƙafa huɗu, ba ta san kwalta ba sai da girma ya kama ta. Ta hau inda akuya kan tsaya ta yi shawara. Ta ƙetare rafi ruwa yana lasar ƙofarta. Ita ta yi ta kwaso wa Malam duwatsun nan da yake tarawa a tsakar gida, har da mai kama da kunnen mutum, ba ta taɓa tambayarsa amfaninsu ba, abin da ba za a iya faɗa a kan kowa a gidan ba. Da safe idan ya murɗa makulli takan ce "ƙyar, ƙyar, ƙyar," ta yi shiru kamar mai tuna wani abu, sannan ta ce "gurum." Malam ya daɗe da gane cewa gaisuwa ce.

Ba a faɗin aibin mamaci. Sai dai marigayiyar tana da saurin sakin jiki da bare.

Ciwon ya soma ne da allurar zafi, mai nuna zafin inji, wadda ta riƙa rarrafawa wajen ja duk lokacin da aka kama hawa. Malam ya kai ta garejin ƙarshen layi, wurin bakaniken da mutane suke kira Hannun Sanyi, sunan da shi dai Malam bai ga dalilinsa ba. Mutumin ya ɗaga bonet ba ko sallama. Ya matsa tiyon sama, ya matsa na ƙasa, ya ja fanbel ya saki, ya wanke wa lagireto laka da fikafikan ƙwari, ya canza masa murfi. Da ya tashe ta, sai ta yi wani irin sauti mai laushi, "hummm," kamar kyanwa a cinya. Duk shekarun da Malam ya yi yana goge mata gilashi da gefen rigarsa bai taɓa jin wannan daga bakinta ba. Ya tsaya a gefe da hula a hannu, baƙo a wurin motarsa, yana kallo ana dafa mata kafaɗa ana ce mata "tsohuwata."

Daga nan abin ya zama ɗabi'a. A hanya ta tafasa, a ƙofar gareji ta huce. Wata rana Malam ya laɓe a bayan katanga ya ga an hau da ita wannan hawa na bayan makaranta don gwaji, bakanike ya fito da gwiwar hannu ta taga yana fito, ita kuwa ko tururi babu. Da ya kai ƙara gida, uwargida ta ce, "Malam, mota ce fa." Ya ce da mota ce kawai, da ba ta san hannu ba.

Zuwan ƙarshe, bakaniken ya leƙa lagireto ya ga ruwan yana kumfa. Ya ce gaskit, shimfiɗar da ke liƙe kan injin, ya fara lalacewa, kada a matsa mata a hawa, kada kuma ruwan sanyi ya taɓa injin yana da zafi. Sannan ya ce, "Baba, bar min ita." Bai ce kawo ta ba, bai ce ajiye ta ba. Bar min. Malam ya zare makullinsa ya ce za a yi shawara.

Aka koma jinya a gida, kuma babu wanda zai ce an yi sakaci. An fasa mata ƙwai a lagireto don ya toshe yoyo. An lulluɓe bonet da jiƙaƙƙen buhu. An mayar da ita inuwa, Malam yana zaune kusa yana mata fifita da kwali yana ba ta labarin hanyoyin da suka bi tun bakaniken yana rarrafe. Baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Salansa ta fara fitar da farin hayaƙi mai ɗan zaƙi a hanci, ya tashi ya tsaya bisa katanga kamar gajimare, har Malam ya kira uwargida ta zo ta gani. Ba ta zo ba.

Ranar da abin ya faru, sun kama hawan nan su biyu. Allura ta kai ja ta jingina. Marigayiyar ta ce "fusss," ta tsaya, ta ɗan zame baya har fuskarta ta juya. Malam ya bi inda fitilunta suke kallo, sai ga rufin gareji can ƙasa, gangara ce kawai, ko turi ba a buƙata. Ya gani, ya fahimta, ya ja burkin hannu. Sannan ya yi mata abin da duk mai tausayi yake yi wa mai zazzaɓi: ya ɗauko jarkar ruwan ƙanƙara da ya yi guzuri, ya ɗaga bonet, ya juye mata a ka gaba ɗaya. Ta ce "ƙas," sau ɗaya. Malam ya tabbata ban kwana ne, kuma shi aka yi wa.

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu, da ta biyar da ta yi rayuwarta a goye ba ta taka ƙasa ba, da batir wanda ya riga ya koma ɗakin uwargida yana kunna fitila, ba ko zaman makoki, da ƙadangaren ƙarƙashin kujerar baya, wanda har yanzu ba a san yadda za a gaya masa ba, da Malam.

Iyalin suna sane da cewa bakaniken ya zo, ya leƙa, ya ce kan injin ne ya tsage, ana samun wani, kuma in aka bar masa ita za ta tashi. Malam ya yi nazarin maganar. In ta tashi, a hannun wa? Gurum ɗin farko, wa za a yi wa? An gode masa, an raka shi har ƙofa.

Za a kwantar da marigayiyar a tsakar gida ƙarƙashin bishiya, a kan zaɓaɓɓun duwatsu huɗu, mai kama da kunne a ɓangaren direba don ta riƙa jin mai ita. Ana karɓar gaisuwa da yamma, idan rana ta yi sanyi. Kada kowa ya zo da sifana. Bakaniken zai iya zuwa kamar kowa, ya tsaya daga bakin ƙofa, hannuwansa a aljihu. Sauran jama'a kuwa an yarda su leƙa ta taga su ga allurar zafi tana kwance can ƙasa, a kan sanyi sosai. Hannun Sanyi, duk da sunansa, bai taɓa sauko da ita ƙasa da tsakiya ba.