Yadda Za Ki Aurar Da Ɗan Da Ke Bin Asalin Lissafi

"Ni dai na rasa abin da zan ce wa mutanen nan," in ji Hajara, muna layin rabon jar dawa a Birni. Ɗanta Muntari ya dawo daga karatu a Faransa, yana son Wasila 'yar Alhaji Ado na Mirriya, iyayenta kuma sun aiko tambayar sana'arsa. Ke ma in Allah ya ba ki irin wannan ɗa, bi matakan nan, sai dai ki ji ana guɗa a ƙofarki.

1. Tambaye shi sau ɗaya, kar ki ƙara

Hajara ta tambaya. Ya ce akwai wasu lissafai masu taurin kai, wani na igiyar ruwa, wani na haske, wani ko sunansa baki ba ya ɗauka. Aikinsa ya gano wanne ya haifi wanne, don in an matse wannan sai ya koma wancan. Maroƙi dai ke nan, sai dai masu asalin ko goro ba sa bayarwa. Ki ce masha Allah, ki koma kan tukunyarki.

2. Zaɓi mai kasuwa

A duk zuriyar nan, na ruwan ne ke da farin jini bana. Riƙe shi. Haske kam Allah ya hore mana, har ya ƙone mana gero.

3. Kore shi ranar da baƙi za su zo

Aike shi sayen kanwa, ki ce ya zaɓo a tsanake. Yaro mai gaskiya ba a barinsa kusa da surukai. Hajara ta bar ɗakinsa a buɗe don su hango bangon da ya cike da rubutun alli, sama da ƙasa. Ƙanin Alhaji na gani ya rage murya.

4. Kar ki yi ƙarya, ke mai salla ce

Ki ce harkar ruwa yake, har Turawa sun san shi. Daga nan ki ja carbi ki yi shiru. Sauran za su ƙarasa da kansu a mota. Kafin su isa Mirriya, Muntari ya zama mai jin motsin ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Zunubin na masu ƙarasawa ne.

5. In sun dawo da masu haƙa

Nan Hajara ta tsaya. Rijiyar lambun Alhaji ta ƙafe, itatuwa na bushewa a tsaye. Jiya ya zo da kansa, da maginan rijiya da igiyoyinsu, ya ce yaro ya nuna wuri, ranar da aka ga laima a ramin a ɗaura aure. Muntari ya gyara tabarau, ya fara bayanin cewa nasa ruwan a takarda yake, ba ya jiƙa ko yatsa. Uwar ta taka masa ƙafa.

Ni dai shawara na bayar, ba ni da hannu a rami. In an tarar da ruwa, ikon Allah. In dutse ne, a layin dawa kawai muka san juna.

Na baro su Alhaji a zaure suna jira. Hajara ta ja ɗan bayan ɗaki, ta riƙe masa riga.

"Ɗan nan, don girman Allah. Ƙasar nan faɗi gare ta. Ka miƙa hannu kawai ka ce nan."