Ranar da Na Gaida Kwamfuta

Ko na manta shekaruna, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na gaida kwamfuta a gaban Dagaci ba.

'Yata Rabi injiniyar manhaja ce. Da ta ji Malam Sale na neman kujerata ta sakataren ƙungiyar manomanmu a Garo, wai na tsufa, sai ta haɗa mini manhajar buga katin 'yan ƙungiya, don in nuna ban tsufa ba. Sunan manhajar Kati.

"Baba, a saurara da kyau," in ji ta. "Kafin manhaja ta farka, akwai wani ɗan tsarin da ke jera kalmomin da aka rubuta, kowacce da gurbinta. Na farko sunan manhajar, na biyu mazaɓa, na uku sunan Dagaci. Kada a ƙara komai."

Na ce, "Ke, ni kike koya wa layi? Na yi aji huɗu fa!" (Sau biyu ma na yi shi, saboda ƙwazo.)

Ranar zaɓe na sha babbar riga, na dasa kwamfuta da injin bugawa a zauren Dagaci, jama'a har waje. Na zauna gaban kwamfutar. Na rubuta Kati da yatsa ɗaya. To a nan tarbiyya ta kama ni. Wa ke kiran mutum ya hau ba shi aiki ba sallama? Gaban manya kuma! Sai na ƙara: salamu alaikum, sannan Garo da sunan Dagaci. Na danna, na gyara hula.

Inji ya hau aman katuna. Jama'a suka yi kabbara. Malam Sale ya ɗauki ɗaya, ya yi gyaran murya.

"Mazaɓa: Salamu. Dagaci: Alaikum." Ya dubi Dagaci. "Ranka ya daɗe, ashe an yi sabon naɗi ba mu ji ba?"

Zaure ya kece da dariya. Na danna nan, na danna can, inji bai fasa naɗa Alaikum ba. Dagaci ya share hawaye ya ce, "Malam sakatare, ko ta amsa sallamar?"

Aka ɗaga hannuwa. Sale ya ci. Har ƙanina shi ya zaɓa.

Yanzu ni ke buga wa Sale katunan, don shi ko kunna kwamfutar bai iya ba. Gaisuwa kuwa ban daina ba, ina da ladabi. Da baki nake yi mata, hannuwana a aljihu.