Karin da Na Ɗauka Ilhami Ne

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tashi rera waƙata ta farko a Gwaram, ko da kuwa zan yi tsufan da zan manta sunan jikokina.

A lokacin ina zaune a Surko, manomi ne ni (haka dai ake kirana, gonar ce kawai ba ta shaida ba). Duk Alhamis nakan hau jaki in tafi Birnin Kudu, zauren Malam Jibo, inda ɗalibai da masu sha'awar waƙa ke haɗuwa bayan la'asar. Kowa ya kawo baitocin da ya tsara da ajami, ya rera, Malam ya gyara masa ƙafiya. Akwai marina, akwai maƙera, har da wani mahauci mai waƙar azabar wuta da ke sa mutum ya fasa cin tuwon dare. Ni kuwa kullum amshi nake, ban taɓa kawo ko baiti ɗaya ba.

Sai wata safiya, ina tsakanin barci da farkawa, wani kari mai daɗi ya sauko mini, har da kalmominsa. Na zabura na jawo tawada. Kafin azahar na gama waƙar wa'azi a kan gafala da mutuwa. Ban nuna wa kowa ba, har Malam Jibo, don kada a sace mini. Shi dai na ce masa, “Allah ya gafarta Malam, an yi mini buɗi.” Ya dube ni ya ce, “To, madalla.”

Bayan kaka aka gayyaci zaurenmu walimar saukar karatu a Gwaram. Muka bi ayarin fatake, don a shekarun nan ba a ratsa dajin nan kai kaɗai saboda mahara. Ni murnata biyu ce: ga waƙata, ga kuma surukina. Mai ɗakina Hansai 'yar garin Sara ce, kusa da Gwaram, kuma na san mahaifinta zai zo. Tsohon nan tun ranar ɗaurin aure yake mini kallon wanda aka ba shi canjin akuya da kaza. Na ce yau zai san wa ya ba 'ya.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Malamai a gaba, surukina a gefensu da carbi, mata kuma suna bayan danga suna tuƙa tuwo. Mawaƙa uku suka rera nasu, aka yi ta “Masha Allahu.” Da aka zo kaina na miƙe cikin rigar aro (ta ƙanena ce, hannunta ya fi ni tsawo), na yi gyaran murya, na ɗaga:

“Tashi ɗan Adamu, rana ta yi nisa,
Kabari na kira, kai kana ta minshari.”

Sai na ji muciyoyi sun tsaya cak a bayan danga. Na ce a raina, ka ji, har mata tsoron Allah ya kama su. Na ƙara ɗaga murya, na maimaita, na ce wa jama'a, “A amsa mini!”

Aka amsa kuwa. Amma ba daga tabarmi ba. Wata tsohuwa ce ta ja, sauran matan suka ɗauka baki ɗaya, har da tafi:

“Tashi mijin Hansai, rana ta yi nisa,
Gona na kira, kai kana ta minshari!”

Kari ɗaya, ƙafiya ɗaya, ko numfashi bai bambanta ba.

Jama'a, a nan ne kaina ya buɗe, buɗi na gaskiya. Ashe ilhamin nan daga bakin dutsen niƙa ya fito. Hansai ce ke rera shi da safe a bayan ɗakina tana niƙa, ni ina kwance ina sha ta kunne. Da ta zo ganin gida kuwa ta koya wa 'yan'uwanta, daga nan ya bi gidajen Sara har ya shigo Gwaram. Wato duk ƙasar nan an san mijin Hansai, fuskarsa ce kawai ba a gani ba. Ni kuma na kawo musu ita da ƙafata.

Wani malami mai farin gemu ya karkato ya tambaya, da gaske yake, “Wane ne kuma mijin Hansai?”

Surukina bai ɗago ba. Ya nuna ni da carbi ya ce, “Ga shi nan tsaye.”

Mahaucinmu ya kife a kan tabarma. Malam Jibo ya ja rawani ya rufe baki, amma cikinsa ya tona masa asiri. Ni kuwa na rasa abin yi, sai na ci gaba da baiti na biyu (har yau ban san wane shaiɗani ya ba ni wannan shawara ba). Ashe shi ma yana da ɗan'uwa a wajen matan, kuma nasu ya fi nawa ƙafiya. Na zauna. Tuwon walimar nan ban san ɗanɗanonsa ba, ko da yake na ci malmala biyu.

Da na dawo gida, labari ya riga ni isowa, na shiga da fushi na ce, “Hansai, ni za ki yi wa waƙa?”

Ta ce, “Malam, ai ba waƙa ba ce, tashin ka nake. Sun amsa da kyau?”

Na ce sun amsa.

Ta ce, “To alhamdu lillahi, ka ga ka yi suna.”

Darasin da na ɗauka ɗan ƙarami ne: in waƙa ta zo maka a sauƙaƙe, kafin ka gode wa Allah a bainar jama'a, fara zagayawa ka tambayi mutanen gidanka ko tasu ce ta ɓace.